Ɗigon Farin Fentin Baba Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren ƙanwar matata ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu a Sabon Tasha ba za su bar ni ba.

Ni na yi alkawarin kai amarya Saratu coci a motata. Ana saura kwana biyu, Baba Yohanna bakanike ya ce bel ɗin taimin, wato robar da ke daidaita juyin injin motar, ya tsattsage, in kawo ya canza. Na ce haba Baba, ni da nake kula da injin masana'anta a Kudenda shekara goma, 'yar robar mota ce za ta gagare ni? (Har dariya na yi masa, Allah ya yafe mini.)

Na sayo sabo, na kalli bidiyo a waya har rabi, na ce sauran ai hankali ne. Asabar da sassafe na buɗe bonet, na cire tsohon. Sai na ga ɗigon farin fenti a jikin ƙarafa masu haƙora da bel ke hawa. Ni kuwa ba na shiri da ƙazanta. Na samo fetur da tsumma, ina jujjuya su ina gogewa har suka ɗau ƙyalli. Na ɗaura sabon, na rufe.

Matata ta ce, "Baban Rahila, tayar da ita mu ji mana."

Na ce, "Aikina ba ya buƙatar gwaji."

Ƙarfe goma an ƙawata mota da furanni, amarya ta shiga da farar rigarta, matan zumuntar coci na rera waƙa. Na murɗa makulli ina murmushi. Motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar cokali ya faɗa injin markaɗe, sai tsit.

Baba Yohanna, wanda shi ma ya zo biki cikin babbar riga, ya matso ya ce, "Ka daidaita ɗigon farin da na sa?"

Na ce, "Wai dattin nan? Ai na goge shi."

Ya buɗe bonet ya leƙa. Ya ce, "Shi ke nuna inda kowane haƙori zai tsaya. Ka lanƙwasa bawul, ka kashe injin, ɗana. Amma dai motar ta yi tsabta."

Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in shige ƙarƙashin motar. A keke napep Saratu ta tafi coci, rungume da jelar rigarta, matata na biye ko kallona ba ta yi ba.

Tun daga ranar, in na ga tsoho ya ɗiga wani abu, ko a bango ne, sai na tambaya kafin in ɗauko tsumma.