Neman Auren Iskko da Motar da Ba Ta Son Sanyi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Motocin Lantarki na Vintergnist, mai ofis mai ɗumi a can kudu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, ina fatan kai da injiniyoyinka kuna lafiya, yatsunku duka suna motsi. Sunana Lemet Heaika Buljo, makiyayin barewa a Lakselv, kawun Iskko, saurayin da ya sayi motarku lokacin zafi. Na rubuto ne in yi godiya, domin abin da motar nan ta yi mana ko maƙiyi bai taɓa yi mana ba.

Iskko yana son Sunná, 'yar dattijo Bierra na Kautokeino, ni kuma aka naɗa in yi magana da yawunsa. Ku mutanen kudu ba ku san yadda muke yi ba. Mai neman aure yakan zagaya gidan su yarinya sau uku. A da, in tana so, sai ta fito ta kwance masa barewar da ke jan keken ƙanƙararsa. Yanzu da mota ake zuwa, sai ta fito ta kashe inji a gaban dangi. Muna so a gama magana cikin hunturu don a yi biki da Ista. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Takardar tallarku ta ce caji ɗaya na kai mutum kilomita ɗari huɗu. Tafiyarmu rabin haka ce. Yallaɓai, a wace ƙasa kuka auna? Cikin ɗakin girkinku? Ranar da muka tashi sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili. Motar ta kwana a caji, ta cika taf, amma tun ba mu bar gari ba lambar da ke allo ta fara zubewa kamar gari a buhun da ɓera ya huda.

Na biyu. Ashe ɗumin cikin motar ma daga batir ɗin tafiya ake yankarsa! Wannan hikima ta burge ni. Iskko ya dube ni ya ce, "Kawu, ko hita ko Sunná, batir ba zai ɗauki biyun ba." Na ce, "Kashe, ɗan nan, ai ba yau muka fara jin sanyi ba." Muka kashe. Numfashinmu ya daskare a jikin gilashi ta ciki, ina kankarewa da katin banki, shi yana leƙen hanya ta 'yar kafa. Jawabin da na yi sati ina haddacewa kuwa, haƙorana suka tauna shi tas.

Na uku. Mun tsaya caji a Karasjok. Sai allo ya sanar da mu, cikin harshe mai daɗi, cewa batir ya yi sanyi, ba zai sha wuta da sauri ba. Batir ya yi sanyi! To mu fa? Ana ba shi wuta kamar ana ba majinyaci kunu da cokali. Matar da ke sayar da kofi a wurin ta dubi kayan adonmu ta ce, "Angwaye, ku kama ɗaki kawai, kafin wannan ta ƙoshi yarinyar ta yi jika." Ana jiranmu, muka karɓi ɗan abin da ya samu muka wuce.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. A tsakiyar tudu, inda babu gida babu bishiya, sai hoton kunkuru ya fito a allo. Kunkuru, ranka ya daɗe! Kaf danginmu babu wanda ya taɓa ganin kunkuru, sai ga shi kun kawo mana har gida. Motar ta yi ta jan ciki, daga baya ta tsaya cak, ba tari ba atishawa. Ko mutuwarta ba mu ji ba.

Wanda ya tsince mu Juhán Bongo ne, maƙwabcin su Sunná, tuzuru mai shekara hamsin, da tsohuwar akori-kurarsa mai shan dizal da take ta hayaƙi tun ina saurayi. Ya ce, "Ku hau, 'yan zamani, tsohuwa za ta kai ku." Da muka iso bakin gidan, hannun Iskko ya sandare, ko hula ba ya iya gyarawa, balle ya riƙe sitiyari. Dole Juhán ya yi mana zagayen, mu biyu muna takure a gefensa.

Ka san da hunturu rana ba ta fitowa a nan, ga gilashi duk ƙanƙara. Sunná ta ji ƙarar inji na zagaya gida, ta ɗauka aron mota muka yi. Yarinyar nan ta fito a guje ba ko mayafi, ta fizge ƙofar direba, ta miƙa hannu ta murɗa makulli. Inji ya mutu. Dangi suka ɗauki tafi daga bakin ƙofa. Sai da ta ɗaga kai ta ga gemun Juhán.

Ta yi ihu, "Wayyo, ba kai ba!" Juhán ya cire hula ya ce, "Shekara talatin ina barin injin nan a kunne, yau Allah ya yi." Kakarta Gáren, wadda a gidan ba a tsallake maganarta, ta buga sanda ta ce, "Ni dai na ga wanda ya yi zagaye, na ga motar da aka kashe. Sauran surutu ne." Na buɗe baki in yi bayani, leɓunana suka ƙi haɗuwa saboda sanyi. Dattijo Bierra ya yanke cewa saurayin da bai iya kawo kansa ƙofa ba ya koma ya sake zuwa da motarsa, kuma cikin hunturu, don a ga gaskiyarsa.

Yallaɓai, raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Ista ta matso. Tun da aka jawo motar gida, Iskko ya daina cin abinci, kullum yana gareji ya lulluɓe motarku da fatun barewa yana lallashinta. Sunná ta bugo waya tana kuka, wai ko da ƙafa ne ya zo.

Roƙona ɗaya ne. Tunda kai ka san ƙasar da motar nan take yin kilomita ɗari huɗu, ka taimaka ka zo ranar Asabar ka tuƙa mu da kanka. Ka sa safa biyu. Kuma don Allah kada ka makara, domin jiya an ga Juhán ya aske gemu, ya wanke akori-kura.

Naka mai biyayya har ƙarshen batir,

Lemet Heaika Buljo,
Lakselv.