Malam Harisu da Ragon Suna

"Duk matsalar duniya layi biyu ce, inda suka haɗu nan amsa take," in ji Malam Harisu, mai koyar da lissafi a Kankara. Tun da ya samo kalkuleta mai zana layuka a fuskarta, mutumin naka ya hana majalisa sakat, har aka laƙaba masa Malam Layi-Biyu.

Ana gobe sunan 'yarsa ta fari, surukinsa Alhaji Rabo ya ce zai taso daga Sabuwa da ragon suna, a tarye shi a tashar Sheme. Gogan ya ce tasha ta jahilai ce. Ya ɗauko kalkuleta, ya danna gudun motar hayar da Alhaji zai shigo, ya danna na babur ɗinsa, layuka suka gicciye a wani fako gaba da Sheme. Ko waya bai ɗauka ba, wai ilimi ya wadatar.

Abin da na'ura ba ta sani ba, motar haya ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi. Malam ya gasu a fako har azahar, babu Alhaji babu rago. Ya sake lissafi, ya matsa gaba. Ya ƙara sakewa, ya ƙara matsawa, kullum kai a sunkuye bakin titi yana latse-latse kamar kaza a kan tsaba. Da haka da haka sai ga shi a Sabuwa da magariba, aka ce ai Alhaji ya tafi tuntuni. Hanyar kuwa ba mai bin ta da duhu a wannan zamani. Nan uban jaririya ya kwana, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Kafin ya iso Kankara an raɗa suna, an yanka rago, jama'a sun watse. Ya shigo buɗu-buɗu yana bayanin cewa laifin direba ne da bai riƙe gudu ɗaya ba.

Alhaji ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "A'a Malam, na'urarka ba ta yi ƙarya ba, mun haɗu. Direba ne ba shi tsayawa cikin daji. Ni na gan ka, ragon ma ya gan ka har ya yi maka kuka. Cikinmu ukun nan, kai kaɗai ne ba ka da wayon ɗago kai."