Yadda Na Shanya Murjanin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na shanya dabbar teku a tsakar gida ba. Ko na so in manta, mutanen Magarya ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyar da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko, ina kuma neman auren Balki, 'yar Alhaji Sanusi mai fatauci zuwa Kwatano. Magabatana sun je, Alhaji ya ce zai yi shawara. Wata uku yana shawarar nan, ni kuwa har na rame.

A falonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifi biyu, da wasu abubuwa masu rassa, kore da ja da ruwan hoda. Wai murjani ne mai rai (ni a wuyan mata kaɗai na san murjani). A samansa akwai wata fitila shuɗiya.

Da tafiya ta kama shi zuwa Yamai, sai ya kira ni. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu.

"Mushe, kai ne mai ilimin abin. A kunna fitila da safe, a kashe da magariba. Na bar maka amana."

Na ce, "Baba, ka ɗauka an gama." Na fito ina taku kamar an riga an ɗaura auren.

Kwana uku da tafiyarsa fitilar ta ƙone. Na zagaye kasuwa kaf, babu irinta. Murjani ya fara dusashewa, ya koma ruwan ƙasa, hankalina ya tashi. To ni ɗan manomi ne daga Kwaya, na san yadda gero yake ƙanjamewa idan ya tsiro a gindin tsamiya, kuma na san maganinsa rana. Na rage ruwan, na zuba kifayen a bokiti (iyakar hankalin da na yi ke nan), na kirawo ƙarti huɗu daga tasha suka fito da akwatin tsakar gida.

Hajiya, mahaifiyar Balki, ta leƙo ta ce, "Mushe, anya kuwa?"

Na ce, "Hajiya, wannan kimiyya ce." Wallahi haka na ce, har da gyara tabarau.

Kwana biyar yana shan ranar bazara. Launin ruwan ƙasan nan ya tafi, murjani ya yi fari fat kamar sabon alli. Murna ta kama ni, na ɗauka dauɗa ce ta fita. Na sa aka mayar da shi falo, na goge gilashin da hannuna.

Alhaji ya dawo tare da abokansa biyu da ya yi wa alkawarin gani. Ban jira an tambaye ni ba, na miƙe na shiga bayani, ina nuni da yatsa kamar ina gaban allo. Alhaji ya matso kusa da akwatin. Ya sunkuya ya shinshina ruwan, sannan ya ce, "Balki, ɗauko takardar nan da ta zo da akwatin."

Ta kawo, kanta a ƙasa, tana danne dariya. Da Faransanci aka rubuta. Ya miƙo mini.

"Karanta mana, Mushe. Ka fassara da ƙarfi, baƙi su ji."

Haka na tsaya na fassara laifina da bakina. Launin murjani na wasu ƙananan tsirrai ne da ke zaune a jikinsa, haske suke so daidai gwargwado. Idan zafi da rana suka yi yawa sai ya rabu da su. Farin da ake gani, ƙashinsa ne. Da na kai wurin "ƙashi", sai ɗaya daga cikin baƙin ya fita waje don ya yi dariya a tsanake, muna jin sa har falo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na tabbata aure ya tafi.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Zan ba ka Balki, don na ga ba mugunta ka yi ba. Amma in ka ga ta yi fari wata rana, kada ka shanya ta. Likita za ka kai ta."

Tun ranar, duk abin da ban sani ba sai na tambayi matar gida kafin in kira ƙarti.