Motar Baba Ta Rasu Tana Ƙyalli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, ni babban ɗa a gidanmu, a madadin mahaifiyata da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motar marigayi Babanmu, wadda muka tashi muna kira Dattijuwa. Ta cika a garejin wani mai gyaran jikin mota da ake yi wa laƙabi da Sumul, bayan jinyar da aka ce mana ta 'yan kwanaki ce, ta zarce watanni.

Duk wanda ya zo gaisuwa zai tarar da mamaciyar a tsakar gida tana ƙyalli, tayoyinta cike da iska, bugu ɗaya take tashi. Muna roƙon kada kowa ya ce mana ai ga ta nan lafiya lau. Wasu sun riga sun faɗa, na kuma ba su amsar da ba zan so yarana su ji ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Ita ta kai mu makaranta duka, a cushe a kujerar baya, ana rigimar wa zai zauna kusa da taga. Da safe ba ta tashi sai an lallashe ta. Sai ta yi "kir-kir-kir," ta yi shiru kamar tana shawara, ta yi tari "tuf, tuf," sannan ta amsa. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa daga ciki, rediyonta tasha ɗaya ya sani. Amma shaida ce zan bayar: ba ta taɓa mutuwa da mu a hanya ba sai inda akwai inuwa.

Abin da ya fi komai daraja a jikinta wani kwarmi ne a ƙofar gaba, ɓangaren Mama, faɗinsa kamar tafin hannu. Mama ce ta yi shi, ranar farko kuma ta ƙarshe da Baba ya ce zai koya mata tuƙi, ta goga ƙofar da ginshiƙin ƙofar gida. Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya kuma rantse ba za a gyara ba. Ya gyara fitila, ya sake gilashi, ya yi fenti, amma kwarmin nan ya ce sa hannun matarsa ne, kowa ya bar shi. Duk sanda za su fita, sai Mama ta dafa wurin kafin ta buɗe ƙofa, shi kuma ya tambaye ta ko yau ma ita za ta tuƙa.

Bayan rasuwar Baba motar ta zauna wuri ɗaya, tsatsa ta kama ta daga ƙasa. Mama ma ta zauna. Cutar yanar ido ta rufe mata gani, ta daina fita ko ƙofar gida, sai dai kullum da hantsi ta lallaba ta bi bango, ta je ta ɗora hannu a kwarmin nan, ta dawo ɗaki. Likita ya ce aikin idon ba mai wuya ba ne, a kawo ta kawai. Na kawo motata, ta ƙi. Ƙanwata ta zo da ta mijinta, ta ƙi. Ta ce in dai za ta fita, a motar mijinta za ta fita. Wannan ne ya sa na ɗauki Dattijuwa na kai ta asibitin da ba ta dawo ba.

Allah ne shaidata, na yi wa Sumul bayani dalla-dalla. Na ce ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya yi walda, ya yi fenti, amma kwarmin ƙofar gaba amana ne, ko ƙura kada ya share masa. Yana ta gyaɗa kai, waya na manne a kunnensa. Don in ƙara tabbatarwa, na ɗauki alli a kan teburinsa na zagaye wurin, zagaye mai kauri, yadda ko makaho zai gani. Ba wanda ya gaya min cewa a garejin masu wannan sana'a, duk abin da aka zagaye da alli hukuncin kisa aka yanke masa. Yana tsaye yana kallona ina zagayewa. Maganata ta bi iska a cikin watannin nan, allin ya zauna.

Da na je ɗauka, shi da kansa ya ja ni wurin ƙofar yana washe baki. Ya ba ni labarin yadda ya cire murfin ciki, ya bi kwarmin da guduma a hankali har ƙarfen ya taso, ya kwaɓa fila, ƙullun cike lotsewa, da ɗan jan maganin da ke sa ta daskare, ya shafa siriri, ya goge da sanfefa, ya sake shafawa, ya sake gogewa. Ya ce a ƙarshe rufe ido yake yi ya bi wurin da tafin hannu, in hannu bai ji komai ba, to aiki ya yi. Ya ce a duk motar nan ba inda ya ba wa lokaci kamar nan, tunda ya ga na damu da wurin.

Na tambaye shi ko ya tuna abin da na faɗa. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yallaɓai, ni tunda nake ban taɓa ganin wanda ya zagaye lotsewa don a bar masa ita ba."

Na ce ya tono filar ya dawo min da kayana. Ya ce da cikawa kawai ya yi irin na masu ha'inci, da an tono an same shi a ƙasa, amma shi ba ya aikin banza, ƙarfen ma ya miƙar. A duk garin nan da ake kuka da masu algus, sai ni Allah ya haɗa da mai gaskiya. Garin neman gira na rasa ido.

Na kawo ta gida ban gaya wa Mama abin da ya faru ba, ina fatan a dace. Mama ta ji ƙarar injin tun daga ɗaki, ta fito da mayafinta a kafaɗa, rabon da in ga fuskarta haka tun Baba na da rai. Ta kai hannu ƙofar. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta matsa ta shafa ƙofar baya ko ta yi kuskure, ta dawo. Sai ta janye hannunta ta goge a zani.

Ta ce, "Motar wa ka aro?"

Washegari na ɗauki guduma na auna wurin na kai wa ƙofar duka, fenti ya tsage, fila ta zubo kamar garin alli. Na kamo hannun Mama na ɗora. Ta taɓa sau ɗaya, ta ce wannan da fushi aka yi shi, nata ana dariya aka yi. A nan muka tabbatar rai ya yi halinsa.

Marigayiya ta rasu ta bar Mama, da mu 'ya'yan gida, da jikokin da suka koyi danna ham a cinyar kakansu. Ta bar tsohuwar tayar ajiya, da galan ɗin ruwan da ba a tafiya sai da shi, da tabon baƙin mai a simintin tsakar gida. Sumul ya aiko cewa zai zo ta'aziyya, kuma in ana so zai gyara inda na fasa. Muna shawartarsa, don lafiyarsa, ya yi addu'a daga inda yake.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da hantsi. Wani dillali zai zo ya tuƙa ta zuwa inda ba mu tambaya ba, ba kuma ma son sani. Ba a buƙatar rakiya, kuma muna roƙon masu zuwa kada su yaba fentin.

Ba za a ɗaga lokacin ba ko ana ruwan sama, domin Mama ta yarda a kai ta wurin likita ranar Litinin, a kowace mota aka samu. Sharaɗinta ɗaya ne, ta kuma faɗe shi tana fuskantar bango: a tabbatar an fitar da motar kafin a buɗe mata ido, don ba ta so ta gan ta haka.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama lafiya, ni kuma ya ba ni haƙuri, don nawa ya ƙare.