Rasuwar Wayar da Aka Zarga da Shanye Launin Saniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, Murjanatu Sa'adu ta Jos Jarawa take sanar da rasuwar wayarta mai haɗa kwamfutar cinya da talabijin, wadda ta cika ranar Laraba da la'asar a falon gida, tana da shekara biyu.

Marigayiya baƙa ce, siririya, mai haƙora huɗu a kowane baki. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta "ƙyas" in ta shiga gurbinta, daga nan sai aiki. Ita ta nuna wa gida hotunan bikin kammala jami'a a tsohuwar kwamfuta, babu wanda ya taɓa kuka da ita.

Ajalinta ya biyo ta kan jar saniyar Hajjo, kakar gidan, wadda ta ɓace sati uku da suka wuce. Murjanatu ta ga mai kama da ita a kara, wato kasuwar shanu, cikin shanun da za a loda zuwa kudu ranar Asabar, ta ɗauko hotonta. Idon Hajjo ba ya ganin ƙaramin allo, sai aka haɗa sabuwar kwamfutar Murjanatu da talabijin. Hoto ya fito baƙi da fari, yana tsalle. Hajjo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce: "Wannan mai ruwan toka? Ni ban san ta ba."

Sau biyu Murjanatu ta faɗa a hankali cewa kwamfutar daga Amurka aka kawo ta, tsarin launinta ba irin na talabijin ɗinmu ba ne, gyaran yana cikin saiti. Babu wanda ya waiwayo. Yaya Muktar ya ce: "Malama 'yar jami'a, matsa. Waya ce ta shanye kalar." Ya hure ta, ya lasa ta, ya murɗa ta, sannan ya ɗauko filaya don miƙe haƙoran da ba su taɓa karkacewa ba. Biyu suka karye. Marigayiya ta ce "ƙas", ba ta sake cewa komai ba.

Ana sanar da jama'a cewa ta tafi ba ta da laifi. Da aka aro wayar maƙwabciya, Anti Loyis, hoton ya sake fitowa baƙi da fari, Yaya Muktar yana tsaye da filayarsa. Murjanatu ta sauya saiti guda ɗaya, ja ya cika allo. Hajjo ta dafa gilashin ta ce: "Tawa ce. Ga farin goshin."

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta, da talabijin mai doro, da rimot marar murfi wanda ake ɗaure da kyauron roba. Ba a karɓar ta'aziyyar da ta fara da "ai dama ta tsufa".

An ɗage jana'iza zuwa Juma'a bayan la'asar, a tsohon gwangwanin madara da ke kan kabad, domin gobe Alhamis da sassafe za a tafi kara kafin a loda shanu. Murjanatu ce za ta zauna a gaban mota da kwamfutarta, ita ce kuma za ta yi wa sarkin kara bayani. Yaya Muktar zai zauna a gida ya jira gawa.