Ranar da Alhaji Tanko Ya Riga Motarsa Isowa

Ku da ba ku zo filin firamare ranar Asabar ba, wallahi kun yi asara. Ni dai har yanzu haƙarƙarina ciwo yake yi don dariya.

Kun san Alhaji Tanko na tasharmu, wanda ya shekara talatin da biyu yana jan bas tsakanin Funtuwa da Legas, har aka rubuta masa "Sarkin Sitiyari" a gilashin baya. To, wata uku ke nan da wasu magidanta suka ɓullo da tseren 'yan motocin nan na rimot. Duk Asabar bayan la'asar sai su jera tsofaffin tayoyi a fili su yi hanya mai kwana-kwana, su ja layi da toka, Malam Haladu tsohon hedimasta ya riƙe usur. Wanda yake cinye su kullum kuwa Ilu ne mai gyaran rediyo, mutumin da ko keke bai iya hawa ba. Motar tasa ma 'yar gwanjo ce, fentinta duk ya koɗe. Abin da ya yi mata bai wuce biyu ba: ya yanka robar cikin tayar keke ya ɗaura wa ƙafafunta don kada ta riƙa zamewa, ya ciro batir daga wata matacciyar fitilar caji ya sa mata. Shi ke nan fa!

Da labari ya kai kunnen Alhaji a majalisa, sai ya yi tsaki.

"Ilu? Ilun da idan ya shiga motata sai ya nemi leda saboda amai? Shi ne gwanin tuƙi a garin nan?"

Ilu yana gefe yana shan shayinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wasa ne kawai muke yi."

"Babu wasa a harkar sitiyari! Asabar ina nan zuwa. Idan ka riga ni, da hannuna zan kankare sunan nan daga gilashina, in sa a rubuta shi a ƙofar shagonka. Jama'a ku shaida."

Muka ce mun shaida. Sunan da ko 'ya'yansa da shi ake yi musu kwatance, shi ya ɗora a kan motar wasa.

Alhaji bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya tafi Kano ya dawo da wata jar mota kamar akuya don girma. Aka sake mata inji, aka sake tayoyi, aka sa mata fitilu har da fiffike a baya. Kuɗin da ta ci sai ya sayi irin ta Ilu guda goma, har da canjin shan shayi.

Amma akwai abin da ba wanda ya gaya masa. Ita motar rimot, idan ta ba ka baya tana tafiya, hannun damanka shi ne nata. Da zarar ta sha kwana ta fuskanto ka, damanka ya koma hagunta. Shi kuwa Alhaji duk rayuwarsa a cikin mota yake zaune, bai taɓa tuƙa wadda take kallonsa ido da ido ba. Ranar Asabar, a gwaji kawai sau uku tana juyowa yana kai ta cikin taya, na huɗu ta nufi ƙafar Malam Haladu, sai da tsoho ya yi tsalle.

Alhaji ya share gumi ya ce, "Malam, akwai dokar da ta hana direba bin motarsa a baya?"

Malam Haladu ya ce, "Babu, Alhaji. Ba mu taɓa zaton za a samu mai tambaya ba."

Aka busa usur, zagaye uku. Kai jama'a! Ilu yana tsaye wuri ɗaya kamar mai jiran sahu, yatsunsa kaɗai ke motsi. Alhaji kuwa ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya runtuma bayan jar motarsa, yana tsallake tayoyi yana faɗin, "A ba da hanya! A ba da hanya!" Idan ya ba ta wuta ta tsere masa, idan ya sassauta don ya cim mata, 'yar gwanjon Ilu ta zo sululu ta wuce. A zagaye na farko hula ta faɗi. A na biyu silifa ɗaya ta yi nata wuri. Direbobin tasha suna ta ihu, "Sarki! Sarki!" Ni kam tausayinsa ma na fara ji, don numfashinsa har inda nake tsaye ana jin sa.

A kwanar ƙarshe motocin biyu suka jeru. Ta Ilu ta lafe da robarta ta sha kwana lafiya lau. Ta Alhaji ta daki taya ta wuntsila, ƙafafu sama. Shi bai ma gani ba, idonsa na kan motar Ilu da ta kama hanyar layi. Sunansa ne fa yake tafiya shagon rediyo! Sai bawan Allah ya zage, ya bi ta da ƙafa, ya kamo ta, ya wuce ta, ya tsallake layin toka ya ɗaga hannu sama. Can baya jar mota tana kwance rigingine, tayoyinta sai juyawa suke a iska, don har lokacin bai saki rimot ba.

Malam Haladu ya busa usur ya ɗaga hannun Ilu.

Alhaji yana haki ya ce, "Wane irin zalunci ne wannan? Kowa ya gani, ni na fara tsallake layi!"

Ilu ya sunkuya ya ɗauki 'yar motarsa, ya hure mata ƙasa, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, ai a banza ka kashe kuɗi a kan jar motar nan. Asabar mai zuwa miƙa mata rimot ɗin, kai mu ɗaura maka robar keke a ƙafa."