Laifin Ƙerana

Yau da sassafe na fita da takalmi ƙafa biyu, na dawo gida da ƙafa ɗaya. Ɗayan yana cikin ramin da ke kwanar layinmu a Tudun Wada, ramin da idan ruwan Jos ya cika shi sai ya kwanta luf kamar kwalta. Na taka, ni da na fi kowa saninsa. Ban ga laifin ramin ba. Aikinsa yake yi, kuma duk garin nan shi kaɗai na sani da ba ya fashin zuwa aiki.

Mai haƙƙin ƙorafi ma ba ni ba ne, maƙwabcina ne Baba Chuwang. Daminar bara keke mai ƙafa uku ya afka ramin nan ya kife da 'yarsa Ana, ta karye a hannu, kabejinta ya watse a titi. Bana ga ta da tsohon ciki, kuma ba ta da hanyar zuwa kasuwa sai ta wannan kwana. Tsohon ya yi ta zarya a ofishin Masu Girma Iyayen Tituna, wato hukumar kula da hanyoyi, har masu gadi suka fara tambayarsa ya iyali. Kullum amsa ɗaya, Oga yana mitin.

Da ya gaji, sai ya yi abin da kakanninsa suka saba. Ya tafi ƙauye ya saro ƙerana, tsiron nan mai ƙaya da mutanensu ke shinge da shi don kada awaki su shiga gona. Ya zuba ƙasa a tsakiyar ramin ya dasa.

Na ce masa, "Baba, gona ka buɗe mana?"

Ya ce, "Malam, akuya ma in ya ga ƙerana yana kaucewa. Mai keke ai ya fi akuya hankali."

Haka kuwa aka yi. Ƙerana ta kama, ta tsaya tsakiyar ruwa koriya shar, masu keke su hango ta daga nesa su ratse. Ba ta busa usur, ba ta tsare kowa ta ce ina lasin, amma tunda aka dasa ta babu wanda ya sake kifewa.

Kwatsam aka ce wani babban baƙo zai ratsa ta unguwarmu. Nan take Masu Girma suka tuna muna da titi. Suka iso da bokitan fenti suka shafe duwatsun gefen hanya baƙi da fari. Allah ya saka musu, ko ba komai yanzu mutum zai faɗa rami a wuri mai kyan gani. Shugabansu, Sarkin Fenti, Allah ya ƙara wa tumbinsa lafiya, ya tsaya gaban ƙerana ya haɗe rai.

"Wa ya ba da izinin noma a kan titin gwamnati?"

"Oga, rami ne a ƙasa," in ji Baba Chuwang. "Yarinya na yana bin nan kullum, kuma yana da ciki."

"Rami aikin wani sashe ne, Baba. Mu namu kyan gari."

Aka sa adda aka sare ta, aka ja masa kunne kada ya sake dasawa. A gurbinta suka kafa allo mai rubutu ɓaro-ɓaro, AIKI NA GUDANA. Gaskiya mun ɗan ji sanyi, don allon ma ana hango shi daga nesa. Ashe allon nan guda ɗaya tal gare su. Baƙo na wucewa suka tumɓuke abinsu suka jefa bayan mota, wai wani rami ta wajen kasuwar Katako ne ke kan layi.

Abin ya ci min rai, jama'a, kuma har yanzu yana ci. Mutanen da suka kasa cike rami, hannunsu bai yi nauyi ba wajen kwashe abin da ke nuna shi.

Yanzu duk ranar da aka yi ruwa, da rana ta ɗan ɗaga Baba Chuwang zai jawo kujerar roba ya zauna a bakin ramin. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ga lema a hannu ɗaya, ga jan ƙyalle a ɗayan, motoci na watsa masa taɓo. Ba ya tashi sai keken da ya ɗauko Ana ya ratse ya wuce lafiya, ta leƙo ta ɗaga masa hannu.

Masu Girma, ku yi haƙuri, na san tsohon yana ɓata muku kyan gari, ko fenti babu a jikinsa. Idan baƙo zai sake zuwa, ku aiko kawai a ce masa ya matsa. Shi wannan ba a saran sa da adda.